Nguru: Garin da Dogo Ya Ƙare

A cikin adakar da mahaifina ya bari ban sami kuɗi ba, ban sami takardar fili ba. Abin da na tarar shi ne basilla uku a naɗe cikin tsumma, da guntun zaren rama, da ɗan littafin awo wanda gara ta ci rabinsa. Basillar nan ita ta ciyar da mu, ita ta saya mini allo da littafi. Kusan shekara ashirin Baba ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Nguru yana ɗinke bakin buhun gyaɗa, kafin likkafa ta yi gaba ya koma gefen sikeli yana rubuta awo. Yana da wata magana da yakan yi idan musu ya tashi a zaure kan ko gari na da lafiya ko ba shi da ita. Sai ya ce kada a tambayi attajiri, don shi attajiri kullum kuka yake. A je tasha a ƙirga mutum nawa ke riƙe da basilla. In sun yi yawa to akwai kaya, in akwai kaya ɗan dako ya samu, in ɗan dako ya samu mai tuwo za ta sayar, ita kuma ta biya mai itace. Da wannan ma'auni nasa na saba kallon garinmu, har yau da ni ma furfura ta cim mini.

Nguru ta girmi jirgi nesa ba kusa ba. Ƙasar Mangawa ce, kuma tun ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadiman Borno, wanda Mai, sarkin Borno, ya ɗora wa tsaron yammacin daula, wato ɓangaren da ke kallon ƙasar Hausa. Fataken da ke kai da kawowa tsakanin Kano da Birnin Gazargamu ta wannan yanki suke ratsawa, su tafi da tufafi da goro, su dawo da kanwa da gishiri da dabbobi. Bayan da masu jihadi suka ci Gazargamu a 1808, gidan Galadima ya ja baya, garin ma ya yi sanyi. Wannan tarihin sarauta ne, akwai waɗanda suka fi ni saninsa. Ni nawa ya fara ne daga ranar da ƙarfe ya iso.

Jirgi ya shiga Kano a 1911, cikin shekara biyu gyaɗa ta zama abin da kowa ke magana a kai. Da Turawa suka ga riba sai suka miƙa layi zuwa arewa maso gabas, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, tafiyar kimanin kilomita 230, ya tsaya a Nguru a 1930. Kakana mutumin ƙasar Ringim ne. Dagaci ne ya sa sunansa cikin waɗanda za su yi aikin dogo, ba da son ransa ba, ya riƙa ɗaukar ƙasa a kwando yana bin layi zango-zango. Da aiki ya ƙare, takwarorinsa suka koma gida, shi kuwa ya duba ya ga rumfuna na tashi a bayan tasha kamar naman kaza, ya ce bari ya yi kaka ɗaya ya ga. A nan aka binne shi bayan shekara arba'in.

Sai dai jirgin ya zo a mummunan lokaci. Shekarar da ya iso, kasuwar duniya ta faɗi, farashin gyaɗa ya zube, haraji kuma bai ragu ba. Kakan namu yakan ce jirgi ya zo da kuka, su ma suka tarbe shi da kuka. Amma ko a wannan hali garin bai fasa girma ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Nguru ba tasha ce da jirgi ke wucewa ta cikinta ba, nan ne dogo ya ƙare. Duk mai kaya daga Gashuwa, Gaidam, Machina, Yusufari, har tsallaken iyaka su Gure da Maine-Soroa, in yana son kayansa su ga teku, dole ya sauke su a nan. Raƙuma da jakuna da takarkarai su kwana da kwanaki a hanya, su zo su durƙusa a bayan kantunan Turawa, irin kamfanonin nan da ke bin kowace babbar tasha, su UAC da John Holt, ga kuma Kwarori da attajiran Kano da yaransu. Garin ya zama kamar bakin buhu: buhun na da faɗi, amma komai ta wuri ɗaya yake fita, kuma duk wanda ke zaune a bakin sai wani abu ya zubo masa.

Na yi wayo a ƙarshen shekarun 1960, lokacin kasuwar na da sauran ƙarfinta. Da kaka ta yi, tun kafin a kira assalatu za ka ji kukan raƙuma. Inna takan ba ni kwanon koko da ƙosai in kai wa Baba, kuma wannan aike na fi so duk cikin aike. Za ka tarar da su a jere, kowa da buhun algarara tsakanin gwiwoyinsa, zare a baki. Ɗinkin bakin buhu ba a yi masa garaje. Sai ka girgiza buhun gyaɗar ta zauna, ka naɗe leɓen, ka fitar da kunne ɗaya a gefe, ka bi da basilla kana ja kana tsukewa, ka fitar da kunne na biyu ka ɗaure. Kunnuwan nan su ɗan dako zai kama ya ɗora a kafaɗa, saboda haka in ka yi sakaci kunne ya tsinke a kan tsani, to ka jawo wa kanka zagi har kakanninka. Baba yakan dube ni ya ce, "Kai yaro, ajiye kwanon can, kar ka taka mini zare." Ina tsaye ina kallo leburori su riƙa hawa da buhu suna jerawa har tsibin ya fi kan rumfa, a rufe da tampol ana jiran tarago.

Gyaɗa ce ta yi suna, amma ba ita kaɗai ke tafiya ba. Akwai ƙaro da ake tsinkowa daga jikin dakwara a dazuzzukan arewa, mata su zauna a rumfa suna tsince shi suna ware fari da ja. Akwai fatu da ƙiraga, akwai auduga, akwai kanwa, akwai shanu da ake lodawa da ransu. Sannan akwai banda, wadda a ganina ta fi kowace sana'a raba arziki a cikin gari. A yanka saniya, a yayyanka naman gunduwa-gunduwa, a tafasa, a shanya a kan waya a kunna wuta a ƙasa har ya bushe ƙamas, a ɗura a buhu sai Ibadan da Legas, inda Yarabawa ke kiransa kundi. Lissafa mutum nawa saniya ɗaya ta taɓa kafin ta bar Nguru: Bafulatanin da ya kiwata ta, dillali, mahauci, mai jima da ya karɓi ƙirgi, mai ruwa, mai itace, matan da ke sayen kitse da kayan ciki, mai ɗinkin buhu, ɗan dako. Unguwar da ake wannan aiki hayaƙinta ba ya yankewa, rigarka ma in ka ratsa sai ta kwana biyu tana ƙamshin nama. A shekarun 1960 har mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi aka gina a garin.

Kada in yi ta yabon da, in manta da ƙazantarsa. Manomin da ya noma gyaɗar nan shi ne ya fi kowa samun kaɗan. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta riƙe cinikin, a 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 ta koma hannun Jihar Arewa. Hukuma ce ke yanka farashi tun kafin kaka, ta sayar a waje da tsada, ta riƙe rarar. An yi makarantu da hanyoyi da kuɗin, ban musa ba, amma yawancinsu ba a ƙauyen mai gyaɗar aka yi su ba. Bayan wannan ga 'yan baranda, ga sikeli. Baba ya taɓa gaya mini, ina babba, abin da ya gani a wani kanti da ya yi wa aiki: akawu ya san inda zai dafa da gwiwa allurar sikeli ta ja baya, kuma kowane buhu sai an cire wani abu da sunan ƙasa da dauɗa, ko da gyaɗar ta sha sheƙa. Ya ce wata rana wani dattijo daga wajen Machina ya tsaya yana kallon sikelin ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma raƙumina ya san nauyin da ya ɗauko." Baba ya ce ranar bai iya cin tuwon dare ba. Bai bar aikin ba kuwa. Yana da mu.

Abin da ya fara sassauta bakin buhun, mutane da yawa ba su lura da shi ba sai daga baya. A 1964 aka kammala sabon layin dogo da ya bi ta Bauchi da Gombe ya shiga Maiduguri. Daga ranar, kayan gabashin Borno ba su da bukatar Nguru. Sai kwalta ta biyo baya, manyan motoci suka fara shiga kasuwannin ƙauye suna ɗauka daga tushe. Rikicin 1966 ya kwashe ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa 'yan kudu da dama, wasu shaguna suka daɗe a garƙame. Daga nan masifu suka jero kamar an kira su. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi, ya ƙone gonaki. A 1975 darɓa ta sauka, ta baza kuturtar gyaɗa a faɗin Arewa, mutum ya tuge gindi ya ga babu ko ƙwaya. Manoma da yawa daga wannan shekara ba su ƙara shuka gyaɗa da yawa ba, suka koma gero da wake, abin da in bai sayu ba a ci. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya cika aljihun gwamnati, babu wanda ya damu ya farfaɗo da ita. Kamfanin matsar mai da aka kafa a garin ya riƙa aiki yau, gobe ya tsaya. Ranar da Baba ya dawo da littafin awo gida ya jefa a adaka, bai ce wa kowa komai ba. Inna ce ta gane, ta ce da mu mu fita waje mu yi wasa.

Sauran labarin jirgi gajere ne. Ya koma zuwa jefi-jefi, taragai suka yi tsatsa, awaki suka samu inuwa a ƙarƙashinsu. Iyaka kuma, wadda ita ce rabin kasuwarmu, ta zama ƙofar da wani can nesa ke riƙe da makullinta. An rufe ta a 1984, shekarar da fari ya dawo, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna El-Buhari. An sake rufewa a 2019, an kuma a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Kowane karo sai ka ga kara ta yi fayau, masu masauki suna hamma.

To me ya hana garin mutuwa? A nan nake rabuwa da abokaina na majalisa, waɗanda in an ce Nguru sai su ce jirgi. Ni na ce ruwa ne. Inna 'yar masunta ce daga wani ƙauye a bakin fadama, kuma bayan 1975 daga wajen danginta abinci ya riƙa zuwa gidanmu. Kogin Haɗeja da na Jama'are, in suka sauko wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi, sai su rasa hanya ɗaya, su rarrabu su malale. Reshe ɗaya, Marma, shi ke zuba a tabkin Nguru. Ruwan yana da lokacinsa, kuma rayuwar mutane a kan lokacin nan aka gina ta. Da ruwan sama na fari a shuka shinkafa, ambaliya ta zo wajen Agusta ta taso da ita. Kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. Ruwa ya fara ja da baya, a bi danshi a shuka wake da kabewa da rogo, masunta su tare mashigai da mali da taru, a kama tarwaɗa da karfasa da bargi. Rani ya tsananta, Fulani su gangaro da shanu su ci ciyawar da ruwa ya bari, su bar taki. Mata su yanko kaba su saƙa tabarma da igiya. Fili ɗaya, mutum huɗu ko biyar sun ci a cikinsa cikin shekara, kowa da watansa. Kawuna yakan zo da kwandon bandar kifi a bayan keke, ya ce da Inna, "Yaya, ga na yara," ya kai sauran kasuwa. Babu hukumar da ta yanka masa farashi, babu akawu mai gwiwa.

Wannan ma daga Kano aka taɓa shi. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, don noman rani a su Kadawa da Kura da kuma ruwan shan birni. A 1992 aka ƙara da ta Challawa. Ban ce aikin banza ba ne. Duk wanda ya ci tumatir da shinkafar Kura ya san amfaninsa. Amma mu na ƙasa ba a tambaye mu ba. Masu auna fadamar daga jirgin sama sun ce a 1974 ruwa ya rufe kimanin murabba'in kilomita 2,000, a 1993 kuwa bai kai 500 ba. A 1987 aka buɗe ofishin kula da fadamar a nan Nguru, kuma a farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka zauna suka yi lissafin da babu wanda ya yi kafin a zuba kankare. Suka haɗa kuɗin shinkafa da kifi da itacen da fadama ke bayarwa, suka gwada da abin da noman madatsa ke bayarwa, suka tarar cewa in ma'aunin ruwa ɗaya za a bi, abin da yake haifarwa a fadama ya ninka na can sau da yawa. Kawuna bai san da wannan lissafi ba, amma da an tambaye shi da ya faɗa musu kyauta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɓarnar ba ta zo da kamar da aka zata ba. An ɗauka ƙishirwa za ta kashe mu, sai ga shi ruwa ne ya rikice. Da, kogi ya cika da ƙarfi ya wanke hanyarsa, da rani ya ƙafe ƙasa ta tsage, duk ciyawar banza ta mutu. Yanzu ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ba shi da ƙarfin wanke hanya, ba ya kuma ƙafewa. Nan kacalla ta samu gida. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, ta haɗa kai ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Rassan da ke kai ruwa wajen Gashuwa suka shaƙe, ruwa ya karkato ta Marma, ya kwanta a kan gonakin mutanenmu ya ƙi tashi. Can suna kukan babu, mu nan muna kukan ya yi yawa, kuma duk ciwo ɗaya ne. Gonar da kawuna ya gada, na je na gani da idona: kacalla ce iya ganinka, kwale-kwale ma sai an sara masa hanya. A cikinta jan-baki ke kwana, su tashi da safe kamar hadari su sauka a kan geron wanda ya rage. Mutanen ƙauyuka kan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su buɗe hanya, shekara ta zagayo ta rufe. A shekarar 2000 aka sa tabkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, na farko a Nijeriya. Mun ji daɗin sunan. Tsuntsayen Turai da ke zuwa cin rani ba su fasa zuwa ba.

Wani abokina, tsohon ma'aikacin reluwe, kullum faɗa muke a kan wannan. Shi a wurinsa in aka gyara dogo an gama. Nakan ce masa, "Alhaji, in jirgin ya zo me zai ɗauka?" Jirgi bai taɓa noma ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba. Ya same mu ne a lokacin da babu wata hanya, muka ci albarkacin matsi. Wannan matsin ba zai dawo ba, tirela ta riga ta san hanyar kowane ƙauye. Shi kuma ya ce ai ni ɗan masunta ne ta wajen uwa, shi ya sa ba na ganin komai sai ruwa. Mu yi dariya, a kawo shayi.

Yau abin da ke riƙe da garin gauraye ne. Akwai albashin ƙaramar hukuma da na malamai da na asibitin tarayya, wanda in ya yi jinkirin mako biyu mai shago ya sani, mai nama ya sani. Akwai kara, akwai kifi, akwai shinkafar 'yan famfo masu injin ban-ruwa, akwai riɗi da zoɓo da ƙaro da ake kwasa zuwa Kano. Banda ta ragu, don yanzu shanu da ransu ake lodawa a mota, aikin da ke jikinsu ya tafi tare da su.

Kakar bara na ɗauki basilla ɗaya daga cikin ukun na sa a aljihu, na nufi inda ake loda riɗi, ba a tasha ba, a bakin kwalta. Na tsaya daga gefe ina ƙirga, yadda Baba ya koya mini. Mutum tara na samu suna ɗinki, buhunan duk na leda. Wani saurayi a cikinsu ya ga abin da ke hannuna, ya miƙe ya gaishe ni ya ce, "Baba, ko zan gani?" Ya juya ta, ya gwada tsininta a babban yatsa, ya ce irin wannan ƙarfe ba a samunsa yanzu, tasu kwana kaɗan take lanƙwashewa. Na tambaye shi ɗan ina ne, ya ambaci wani ƙauye kusa da na su Inna. Na ce me ya raba shi da su, ya ce tabkinsu ya rufe, gonar ma tana ƙarƙashin ruwa shekara ta shida ke nan. Ya roƙi in sayar masa da basillar, na ce ba ta sayarwa ba ce, amma ya riƙe ya yi aiki da ita zuwa ƙarshen kaka. Ya zura zare, ya girgiza buhu, ya fitar da kunne na farko. Direban tirela yana ta danna oda, yana cewa a yi sauri, yana so ya kwana a Kano.